Kafasitar da na ɗaura wa mota ba ta ƙara min wuta ba

Mai shagon har rantsuwa ya yi min: da zarar an ɗaura kafasita, wato na'urar da ke tara wutar lantarki, mai farad 1 (ma'aunin girmanta ke nan) kusa da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, dishi-dishin da fitilun Corolla ɗina ke yi duk lokacin da wufa, babbar sifikar bas, ta buga zai ƙare. Na biya, aka ɗaura. A kiɗa mai gajeren bugu fitilun sun ɗan daidaita, wannan ba zan musa ba. Amma da dare a cunkoson Kano, inji na silo, esi a kunne, da bas ya ja dogo sai fitilu su kwanta kamar dā, wani lokacin amfilifayar ma ta ɗauke.

Wani dattijo mai gyaran wayarin ne ya ɗora mita, ya ce, "Alhaji, wannan abin ba ya haifar wuta, ajiye ta yake yi. Ka ƙaro randa ne alhali famfon ba ya kawo ruwa." Daga baya na zauna na yi lissafin da kaina, kuma shi ne ya fi ƙona min rai. Kafasita mai farad 1 a kan bolt 14 jul 98 take riƙewa (jul ma'aunin makamashi ne), amma abin da za ta iya bayarwa kafin wuta ta sauka zuwa bolt 12 jul 26 ne kacal. Amfilifaya mai wat 1000 tana lashe wannan cikin ƙasa da kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa ɗaya. Daga nan altaneta, wadda ke samar wa mota wuta in inji na aiki, ita ce za ta ciyar da amfilifaya, kuma ita ce za ta sake cika kafasitar. Altanetar motata amfiya 80 take bayarwa, amfilifayar kuwa idan aka ƙure ta tana neman wajen 90, ga fitilu, ga fanka, ga famfon mai duk suna jira.

Abin haushin, kuɗin kafasitar ya isa ya saya min waya ta kirki tun farko. Wadda aka ja min zuwa but alminiyam ce da aka shafa wa jan ƙarfe, kusan bolt guda ke ɓacewa a cikinta kafin wuta ta isa baya. Muka cire ta, muka sa jan ƙarfe zalla mai kauri da fiyus kusa da batir. Muka ƙara kaurin wayoyi uku: daga altaneta zuwa batir, daga batir zuwa bodi, daga inji zuwa bodi, bayan an kankare fenti har ƙarfe ya fito. Na kuma rage gen ɗin amfilifaya, wato maɓallin da ke saita ƙarfin sautin da ke shiga cikinta. Dishi-dishin ya ragu sosai, ɗaukewar kuwa ban sake gani ba.

Wanda ya dage sai ya ɗaura kafasita, ya fara cika ta a hankali ta cikin ƙaramin kwan fitila, domin haɗa ta kai tsaye tana wofi kan jawo tartsatsi ya ƙona fiyus. Wanda kuma amfilifayarsa ta fi ƙarfin altanetarsa, babbar altaneta zai nema.