Kwana na bakwai bayan dashen

Talata. Ina idar da sallar asuba na nufi ɗakin gwaje-gwaje, ko shayi ban sha ba. Yau kwana bakwai da muka yi wa ɓerayen nan dashen ƙaramin hanji, kuma jikina ya ba ni yau za a ga bambanci.

Aka kuwa gani. Uku da ba mu ba magani ba sun takure a lungun keji, gashi ya tashi, nauyi ya ragu. Bakin hanjin da muka fito da shi ta fatar ciki ya yi duhu, ya daina sheƙin nan na lafiya. Waɗanda ke samun allurar takrolimus kullum kuwa, maganin da ke danne garkuwar jiki don kada ta ƙi dashen, har kokawa suke a kan abinci.

Hanjin daga ɓeraye nau'in Brown Norway muka ciro, muka dasa wa nau'in Lewis, ta hanyar da Monchik da Russell suka fito da ita a 1971: a bar wa ɓera hanjinsa na asali, a ɗinke jijiyoyin baƙon a gefe. Ɗinkin nan da zaren da ya fi gashin kai siranta, sai da na yi wata huɗu kafin hannuna ya daina rawa.

Bayan azahar na duba yankan naman a madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Hanji mai lafiya cikinsa kamar sabon tawul yake, 'yan tsirarru a jere suna tsotse abinci. Na marasa maganin sun gajarce, wasu sun zube, fararen ƙwayoyin jini sun yi dafifi, ƙwayoyin da ke can gindin tsirarrun suna ta mutuwa. Na daɗe ina kallo. Garkuwar jikin ba ta yi laifi ba, baƙo ta gani ta far masa.

Abin da ke ba ni mamaki da hanji, ba kamar ƙoda ba ne. Shi baƙo ne da ke zuwa da dakarunsa, domin cike yake da ƙwayoyin garkuwa, ga kuma ƙwayoyin cuta a cikinsa. Wani lokaci ma dakarun baƙon ne ke juyowa kan mai gida, sai ka ga kunnuwa da tafukan ɓera sun yi ja, gashi na zuba. Ka rage magani, jiki ya ƙi dashen. Ka ƙara, cuta ta samu ƙofa, ƙoda ta jigata. Gaba kura, baya sayaki. Shi ya sa tun 1959 da likita Lillehei ya gwada dashen hanji a karnuka a Minnesota abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai da takrolimus ya zo, wanda aka samo a 1984 daga ƙasar wajen Tsukuba a Japan. Ƙasa fa, wadda ake takawa!

Da la'asar muka sa wa ukun nan maganin barci har suka cika, kamar yadda ƙa'ida ta ce kada a bar dabba tana wahala. Na yi bismilla a zuciyata. Har yau ban saba ba.

Da dare Umma ta kira. "Har yanzu ɓerayen kake kiwo?" Na ce, "Su ne, Umma." Ta ce in gaishe su, in kuma ci abinci. Gobe ƙarfe bakwai akwai awon jini.