Kwana Bakwai a Bahar Rum: Abin da Jirgin Ruwa Ya Koya Mini

Ƙarfe shida saura minti goma sha biyu muka sa ƙafa a kan gadar hawa jirgi a tashar Cibitabekiya ta ƙasar Italiya, ni da maiɗakina, gumi ya jiƙa mu sharkaf. A jikin allon da ke bakin ƙofa an rubuta cewa ƙarfe shida kowa ya kasance a ciki. Ma'aikacin da ya karɓi katunanmu ya ɗora su a na'ura, ya dube mu, bai ce komai ba. Sai da muka shiga ɗaki na zauna a bakin gado sannan na lura hannuna yana rawa.

Da wannan ranar nake fara ba duk wanda ya tambaye ni labarin tafiyar, domin a nan na gane abin da ya raba hutu a jirgin ruwa da kowane irin hutu. Otal yana nan inda ka bar shi ko da tsakar dare ka dawo. Jirgi kuwa yana da lokacin tashi, kuma kayanka da maganinka da gadon kwananka duk suna cikinsa.

Kwana bakwai muka yi. Daga Basalona muka tashi, muka tsaya a Marsey, Jenowa, Cibitabekiya da Nafoli, muka yi yini guda cur a kan ruwa ba tsayawa, sannan Falma a tsibirin Mayoka, muka koma Basalona. A takardar tafiya an rubuta "Rum" a rana ta huɗu, ni kuma na ɗauka muna sauka muna cikin birnin. Ashe Rum ba ta bakin teku. Tashar jiragen ruwanta ita ce Cibitabekiya, tsakaninsu kusan kilomita 80, tafiyar awa guda da ɗoriya a jirgin ƙasa, ban da motar da za ta fitar da kai daga cikin tashar kanta, wadda take da girman gaske.

Kamfanin jirgin yana sayar da nasa yawon, da motarsa da ɗan jagoransa, amma kuɗin ya yi mana yawa, sai muka ce mu tafi da kanmu. Zuwan lafiya lau. Muka ga Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, muka yi ta zaga tsofaffin tituna, lokaci yana tafiya ba mu ankara ba. Maiɗakina ce ta fara duba agogo.

"Maigida, ƙarfe uku ta wuce fa. Ya kamata mu juya."

Na ce mata akwai sauran lokaci, ai na lissafa. Lissafina bai sa jinkirin jirgin ƙasa a ciki ba. Wanda muka nufa ya makara, da ya zo kuma ya tsaya a hanya ya daɗe ba bayani. Minti ashirin ɗin nan da muka yi a tsaye tsakanin gonaki ban taɓa jin tsawon lokaci irinsa ba. Ita dai ba ta ce mini uffan ba, ta riƙe jakarta tana kallon taga.

Abin da na sani yanzu shi ne: in kamfanin jirgin ne ya fita da kai yawo motarsu ta makara, jirgi zai jira, ko su ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. In kai ka fita da kanka, nauyin yana wuyanka, da kuɗin mota da na kwana da komai. Ban ce kada a fita da kai ba. A Marsey da Jenowa da Falma da kanmu muka yi yawo, ya fi araha, ya fi daɗi, ba mai kora mu gaba. Amma duk inda abin kallon yake nesa da tasha, ko dai ka biya na kamfani, ko ka tsara dawowarka da rarar awa biyu. Kafin ka sauka kuma ka ɗauki hoton takardar shirin ranar, domin a jikinta akwai lokacin komawa da lambar wakilin jirgin a wannan tashar, shi za ka kira in abu ya ɓaci. Ka kuma tabbatar agogonka yana kan lokacin jirgi. Mu ƙasashe ukun da muka zaga, Sifen da Faransa da Italiya, agogonsu ɗaya ne, amma wanda zai wuce Girka daga Italiya zai tarar da bambancin awa guda, wayar hannu kuma tana sauya lokaci da kanta ba ta tambaye ka ba.

Washegari a Nafoli mun biya na kamfani muka je Fomfei, garin da aman wutar dutsen Besubiyos ya binne a shekara ta 79. Na yi tafiya a kan duwatsun titinsa ina ganin sawun ƙafafun kekunan doki da suka ci dutsen, hankalina kwance, ban duba agogo ko sau ɗaya ba.

Wannan maganar lokaci tun kafin hawa jirgi take farawa. Abu guda da na yi daidai, bisa shawarar wani abokin aikina da ya riga ni yin irin tafiyar, shi ne isa Basalona kwana guda kafin ranar tashi. Na so in ƙi saboda kuɗin otal. Ya ce mini jirgin sama yana makara, akwati yana ɓata a hanya, kuma na ruwa ba ruwansa da uzurinka. A teburin cin abinci mun zauna da wasu ma'aurata da suka sauka daga jirgin sama da safiyar ranar, su sun samu shiga, akwatinsu guda bai samu ba. Sai a tasha ta uku ya cim musu.

Takardu kuwa a fara su da wuri. Sifen da Faransa da Italiya duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta ishe mu, ana neman ta a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, ana kuma iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. Sharaɗinta akwai inshorar lafiya da ba ta gaza yuro 30,000 ba. Amma a duba jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya: in jirgin zai fita daga yankin, ya je Tunisiya ko Turkiyya misali, ya dawo, to bizar shiga sau ɗaya na iya jawo matsala, mai shiga da fita ake so. Fasfo ma kamfanoni da yawa suna son ya kasance da sauran wata shida bayan ƙarshen tafiya. Inshorar nan kada a ɗauke ta takardar cika sharaɗi kawai. Akwai likita da ƙaramin asibiti a cikin jirgi, amma biya ake yi, kuma ba araha.

Zaɓen ɗaki ya ɗauke mu mako guda muna muhawara. Akwai na ciki marar taga, akwai mai taga da ba ta buɗuwa, akwai mai baranda, sai manyan ɗakuna na masu hali. Maiɗakina tana son baranda, ni ina kallon kuɗi. Ita ta yi nasara, kuma da gaskiyarta. Abin da na fi tunawa a duk tafiyar shi ne asubar da muka shiga Nafoli: na fito baranda da mayafi a kafaɗa, iska mai sanyi, dutsen Besubiyos yana fitowa daga duhu a hankali, wani ƙaramin kwale-kwale ya matso jikin jirgin, wani mutum ya kama tsanin igiya ya hau. Daga baya na ji cewa matuƙin tashar ne, wanda ya san hanyar ruwan wurin, shi ke taimaka wa kyaftin shigar da jirgi. Duk da haka, wanda zai yi yawo kullum ya dawo ya kwanta kawai, ɗakin ciki ya ishe shi.

Inda ɗakin yake ya fi nau'insa muhimmanci ga mai saurin jiri. Tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi. Goshin jirgi da hawan sama su ne suka fi lilo. A daren farko, tsakanin Basalona da Marsey, akwai wani sashen teku da iskar arewa da suke kira Mistiral take yawan kaɗawa, mun kuwa same ta. Ƙofar kabad tana buɗewa tana rufewa, ruwan cikin kofi yana karkata. Waɗannan manyan jiragen suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗi, amma ba sa kashe shi duka. Maiɗakina ta sha maganin jiri tun kafin mu tashi, ta yi barcinta. Maganin kafin jirin ya zo ake shan sa, in ya riga ya kama ka amfaninsa kaɗan ne. A kuma duba taswirar jirgin kafin a biya: me ke saman ɗakin, me ke ƙasansa? Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin wanka ko kicin, da asuba za ka ji ana jan kujeru a kanka.

Ranar hawa, a bakin tasha ake karɓe manyan akwatuna, ba za ka sake ganinsu ba sai da yamma a ƙofar ɗaki. Don haka fasfo, magunguna, caja da kaya guda na canji su zauna a ƙaramar jaka a hannunka. Dutsen guga da tukunyar dafa ruwa ta lantarki ba a barin shiga da su, gobara ce babban abin tsoro a teku. A nan za a ba ka kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuɗinka a cikin jirgi.

Kafin jirgi ya motsa sai kowa ya je wurin taronsa na gaggawa, an rubuta harafinsa a katin da bayan ƙofar ɗaki. Na ga mutane suna ƙorafi, suna danna waya ana bayani. Ni abin ya ba ni haushi. A watan Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo, mutum 32 suka rasu, kuma daga Cibitabekiyar nan ya tashi a daren, da ɗaruruwan fasinjojin da ba a riga an yi musu wannan atisayen ba. Bayan wannan ne aka gyara dokar teku ta duniya, aka wajabta yin sa kafin tashi ko nan take bayan tashi. Jiniya gajera sau bakwai da doguwa guda ita ce alamar gaggawa. Da muka gama sai da na sake bin hanyar daga ɗakinmu zuwa wurin taron ta matakala, ba lif ba, har na haddace ta.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika faɗa wa mutum ba. Kuɗin tikiti ya ɗauke ɗaki da babban abinci da wasannin dare. Lemo, kofi na musamman, wasu gidajen abincin, intanet, hotuna, wanki, yawon tasha, duk daban. Sannan akwai tukwicin ma'aikata da ake ɗorawa a kan kowane mutum kowace rana. Wannan ban yi baƙin cikinsa ba ko kaɗan. Mai gyaran ɗakinmu ya gaya mini watanni ya yi bai ga 'ya'yansa ba, kullum kuma da fara'a yake gaishe mu. Abin da ke cutarwa shi ne katin nan: ba ka ƙirga kuɗi da hannu, miƙawa kawai kake yi, sai ranar ƙarshe ka ga dogon lissafi. Daga rana ta biyu na mayar da shi ɗabi'a in duba asusunmu a talabijin ɗin ɗaki kowane dare. A haka na ga an ɗora mana wani abin sha da ba mu saya ba, na je ofishin baƙi aka cire cikin minti biyar. Da na bari sai daren ƙarshe, layin ya kai bakin matakala. Wayarka kuma ka sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha, domin a tsakiyar teku layin tauraron ɗan'adam take kamawa, kuɗinsa kuwa ba kama hannun yaro.

Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a yi shi da gaske. Dubban mutane ne a wuri guda suna taɓa cokali ɗaya da ƙarfen matakala ɗaya, ciwon ciki yana yaɗuwa da sauri.

Kuskurena na biyu bayan na Rum shi ne haɗama. Kwana huɗu a jere muna fita tun safe, muna dawowa ƙafa a kumbure, da dare kuma in ce sai mun je kallon wasa tunda mun biya. A ranar da muka yini a teku maiɗakina ta ce, "Maigida, yau ba inda za ni." Muka samu kujeru biyu a bayan jirgi inda ba hayaniya, muka zauna muna kallon farar hanyar kumfa da jirgin yake bari a bayansa har ta ɓace. Hirar da muka yi a ranar mun daɗe ba mu yi irinta ba. Da zan sake, zan zaɓi tafiya mai ranakun teku biyu, kuma a wata tashar ba zan sauka ba sam, don lokacin da kowa ya fita jirgin yakan zama kamar naka kai kaɗai.

Daren ƙarshe ana fitar da akwatuna ƙofar ɗaki kafin a kwanta, a manna musu takarda mai launi, da safe a kira ku rukuni-rukuni bisa launin. A ware kayan da za a sa da safe kafin a rufe akwati. Jirgin saman komawa kuma kada ya zama na sassafe, domin ko jirgi ya iso da asuba sai hukuma ta ba da izini kafin a fara sauka. Namu na yamma ne, muka ajiye kaya muka je muka ga cocin Sagrada Familiya, wanda aka fara gininsa tun 1882. Muna tsaye a gabansa na ji ƙasa tana ɗan lilo a ƙarƙashina, na dafa kafaɗar maiɗakina. Ta ce ita ma tun da muka sauka take jin haka. Kwana biyu ya ɗauka kafin ya bar mu.