Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zangon da haruffa suka shigo lissafi

A makon jiya mun tsaya a shigata sakandare. Zangon farko bai yi nisa ba malamin lissafi ya rubuta mana 3x + 5y a allo, ya ce a taƙaita. Mu da muka saba da lambobi zalla sai kallon juna muke yi. Yaron da muke zama benci ɗaya ya yi ƙarfin hali ya fita, ya rubuta 8xy.

Malam bai ce masa ya yi kuskure ba. Ya miƙa masa alli ya ce, "A ce x biyu ne, y ɗaya ne. Lissafa nawa, ka lissafa naka." Na Malam ya ba da 6 + 5, wato 11. Na abokina ya ba da 16.

"To Malam, yaya za a haɗa su?"

"Ba a haɗa su. Jinsinsu daban, haka za ka bar su."

Daga nan ya nuna mana dalilin da 3x + 2x ke zama 5x: abu ɗaya ake ƙirgawa, uku nasa da biyu nasa, shi ya sa lambobin gaba kawai ake tarawa, harafin ba ya canzawa. Har yau ina ganin duk wanda aka ba shi wannan a matsayin hadda ba tare da dalili ba, an tauye masa hakki.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne x da x². Harafi ɗaya ne, me zai hana su haɗuwa? Da daddare na ɗauki 3 na gwada: x² ya ba da 9, x ya ba da 3, jimla 12. Da a ce sun haɗu sun zama 2x², da 18 zan samu. Washegari Malam ya zana layi, ya zana murabba'i a gefensa, ya ce ɗaya tsawo ne, ɗaya fili.

A ranar ne ya ba mu labarin Muhammad bin Musa Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabra a Bagadaza wajajen shekarar 820. Ba harafi ko ɗaya a lissafinsa, da jimloli ya bayyana komai, amma ya raba murabba'i (abin da muke rubutawa x²) daban, saiwa (wato x) daban, lamba daban. Amfani da x, y da z ga abin da ba a sani ba sai a 1637, a rubutun Descartes ɗan Faransa.

Sai batun alamar ragi a gaban baka, wato ( ), wanda ya ci makin rabin aji a jarrabawar farko. A 7a − (2a − 4), ragin ya shafi duk abin da ke ciki, amsar ta zama 5a + 4. Ni kuwa kafin in miƙa takarda sai da na sa 1 a madadin a, na ga 9 a ɓangarorin biyu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda Malam ya ɗora mini koyar da 'yan bencin baya.