Warin sholisho a kwalba ta shida

Laraba, Leksinton, jihar Kentaki

Na isa ɗakin gwaji kafin ƙarfe takwas, na tarar an jera mana kwalabe goma sha biyu a kan tebur. Samfurin burbon ne, wato wuskin Amurka da ake yi da masara, daga wani ƙaramin kamfani can wajen Bardstown, kowace kwalba daga ganga daban. Takardar da suka haɗo da su gajeriya ce. Masu ɗanɗanonsu sun rabu biyu a kan ganga ɗaya: wasu na cewa ƙamshin 'ya'yan itace take yi, wasu na cewa warin gam. Suna so mu gaya musu me ke ciki.

Ni ba na shan giya, kowa a wurin ya sani. Aikina na hanci ne da na'ura. Na bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya, yawanci ƙamshin banila da ƙonannen sukari, irin wanda sabon itacen oak da aka babbaka cikinsa ke bayarwa. Da na buɗe ta shida sai gabana ya faɗi. Sholisho. Nan take na ga rumfar mai faci ta bakin layinmu a Kano, da gwangwanin da yake dangwalawa da yatsa ya shafa wa tiyub, da yaran da ke raɓewa bayan tasha da tsumma a hanci. Biyu daga cikinsu tare muka yi makarantar allo. Na ajiye kwalbar na fita waje na ɗan tsaya.

Da na dawo na roƙi shugabar ɗakin ta bar ni in fara neman toluwin, sinadarin da ke yawan kasancewa a irin wannan gam, wanda ke lalata ƙwaƙwalwar masu shaƙa. Ta ce ba ta zaton akwai, amma in duba. Na duba. Babu ko ɗigo. Abin da ya miƙe a allon kwamfuta ya zarce na sauran kwalabe shi ne etil asitet, sai tsamin khal da shi ma ya hau.

Etil asitet ba baƙo ba ne a wuski, shi ne ma ya fi yawa a danginsa na sinadaran ƙamshi. In kaɗan ne, hanci na jin sa kamar nunannen 'ya'yan itace. In ya yi yawa sai ya koma warin ruwan goge jan farce, don da ma ana zuba shi a ciki, ana kuma zuba shi a wasu nau'ukan gam. Ke nan ɓangarorin biyu na masu ɗanɗanon babu wanda ya yi ƙarya. Kowa da inda hancinsa ke cewa ya isa.

Abin da ya cinye min rana shi ne gano daga ina ya shigo. Yis kansa na samar da shi tun a lokacin da masara ke tsima. Wajen tata kuma raba shi da giyar sai an yi da gaske, domin shi yana tafasa a digiri 77, ita a 78, shi ya sa masu tukunya ke zubar da ruwan farko. To amma da laifin tata ne, da duk gangunan da aka cika a ranar sun ɗauka. Na kira su a waya, suka tabbatar akwai huɗu a samfurin da aka cika rana ɗaya da ganga ta shida, kuma lafiyarsu ƙalau. Bambancin kawai, ta shida ta yi shekarunta a hawa na can sama na rumbun ajiya.

Wanda ya taɓa shiga irin waɗannan rumbunan da bazara ya san zafin sama. Itace na numfashi, iska na shiga ganga, wani ɓangare na giyar ya rikiɗe ya zama tsami, tsamin ya sake haɗuwa da giyar ya haifi etil asitet. Ruwa kuma na tsirarewa ta jikin itacen, sai abin da ya rage ya ƙara kauri. Doka ta ce ba a zuba burbon a ganga da ƙarfin da ya wuce kashi 62.5 cikin ɗari, amma gangar sama na iya fitowa ta haura haka. Wannan ta haura.

Da la'asar na zuba kaɗan a kofin gilashi, na ƙara ruwa, na bar shi minti ashirin a buɗe. Warin ya lafa sosai, ƙamshin itace ya fito. Na rubuta musu cewa gangar ba gurɓatacciya ba ce, amma ban ga hikimar sayar da ita ita kaɗai ba, gara a gauraya ta da na ƙasa.

Bayan isha na kira Yaya. Na tambaye shi labarin ɗaya daga cikin yaran nan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanina, yana nan, yana kwana a tasha, ba ya gane mutane sosai." Na ce ya kai masa bargo kafin hunturu ya shigo, zan turo kuɗin ranar Juma'a.