Watan Tishri, kamar yadda na gan shi da idona

Idan aka fara yankan hatsi a karkarar Damagaram, amalanke suka fara shigowa gari da dammuna ta hanyar Mirriya, a daidai lokacin ne Yahudawa ke shiga Tishri, watan da manyan idodinsu suka taru a cikinsa. Da wata suke lissafi, amma a cikin kowace shekara 19 sukan ƙara wata na goma sha uku har sau 7, shi ya sa idodin ba sa kuskure kaka, alhali namu azumin yana zagayawa, ya same mu a bazara, ya same mu a damina.

Mu nan a wurin tafsiri muka san Bayahude, sai kuma a labaran rediyo. Ni Allah ya haɗa ni bene ɗaya da shi. A 2016 ina karatun lissafin kuɗi a Kazablanka, maƙwabcinmu na hawa na uku wani dattijon tela ne, shi da mai ɗakinsa kawai, ƴaƴan sun watse Faransa da Kanada. A shekarun 1940 Yahudawan Maroko sun kai wajen 250,000, yau kuwa ƴan dubbai kaɗan suka rage. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana.

Tun saura wata guda Tishri ya kama nake jin takunsa a matakala kafin asuba. Ni in nufi masallaci, shi ya nufi majami'arsu, wurin addu'o'in neman gafara da Yahudawan Maroko ke yi kwana arba'in. A waccan shekarar, sabuwar shekararsu ta 5777 da tamu ta 1438 tare suka kama a farkon Oktoba. Rana ta biyu ta idin, wanda suke kira Rosh Hashana, ya ce in biyo shi. Akwai ƴan sanda a bakin ƙofa, ya ce musu baƙonsa ne, na zauna can baya da hulata.

Ɗakin ƙarami ne, kujerun sun fi mutanen yawa, yawancinsu masu furfura. A ranakun da ba na idi ba, in ji Baba, sai sun tsaya a ƙofa suna jiran namiji na goma, domin jam'insu ba ya tsayuwa da tara. Aka fito da Attaura rubutacciya a fata, aka karanta labarin Annabi Ibrahim da ɗansa. Su Is'haƙa suke cewa, mu kuwa Isma'ila muka riƙe. Daga nan wani siririn mutum ya ɗauki ƙahon rago, tunawa da ragon fansa. Kunnen da ya saba da kakakin fadar Sarkin Damagaram zai sa ran jin amo na sarauta, amma wannan ya fi kama da kukan mutum: doguwar busa ɗaya, sai uku masu karyewa, sai gajeru a jere kamar shessheƙa. Kafin a tashi an yi busa ɗari. Ba wanda ya yi ko tari.

Abin da ya fi zauna mini a rai ya faru ne a ƙofar benenmu, cikin kwana goman da ke tsakanin sabuwar shekara da babban azuminsu. Watanni kafin nan Baba ya taɓa daka wa mai gadinmu tsawa a gaban mutane a kan wani saƙon yadi da ya ɓata. Ina dawowa daga makaranta na same shi tsaye a gaban mai gadin, ya jingine sandarsa, yana cewa: «Ranar nan na ci mutuncinka a gaban jama'a, kuma ba kai ka ɓatar da kayan ba. Ka yafe mini.» Mai gadin ya rasa inda zai sa kansa, sai «ba komai, ba komai» yake yi. Baba bai gusa ba sai da ya ji kalmar yafiya daga bakinsa. Daga baya ya gaya mini cewa a littafin malamansu na Talmud, babban azumin nan na Ranar Kafara yana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutum yana nan sai an je an roƙi mai shi, idan ya ƙi a sake komawa har sau uku. Karatun nan muna da shi, kowane almajiri ya san haƙƙin wani ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mai da shi saƙon WhatsApp guda ɗaya ana gobe azumi, «duk wanda na ɓata wa ya yafe mini», a tura wa kowa da kowa, ba a ambaci laifin ba, ba a kuma dubi idon mai haƙƙin ba.

Ranar Kafara, wato Yom Kippur, ta faɗo ranar Laraba 12 ga Oktoba, ni ma ina azumin Ashura. Nasu ya fara tun kafin faɗuwar ranar Talata, awa 25 ba ci ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba kusantar iyali, ba takalmin fata. Na taɓa kawo masa tsarabar takalmi ɗinkin dukawan Zinder, kullum da shi yake yawo, amma ran nan farin takalmin zane ya sa da fararen kaya. Addu'a biyar suke yi daga daren zuwa wani daren. Da la'asar na leƙa, na tarar ana karanta littafin Annabi Yunusa. Da rana ta kusa faɗuwa muryoyin da suka dushe suka sake tashi, iyaye maza suka jawo ƴaƴansu ƙarƙashin mayafin addu'a. Waɗanda nasu ke ƙasashen waje, har da Baba, su kaɗai suka lulluɓa. Ni na fita na sha ruwa da magariba, su sai da taurari suka fito aka busa ƙaho.

Da na dawo gida na ba Baffana labarin a zaurensa da ke Birni. Ya ajiye carbi ya kawo hadisin Ibn Abbas na cikin Bukhari, cewa Annabi (SAW) ya iso Madina ya tarar da Yahudawa suna azumin Ashura, suka ce ranar da Allah ya tsirar da Annabi Musa ce. Ya tambaye ni ko haka Baba ya ce. Na ce a'a Baffa, su tsira daga Fir'auna a wani idi na daban suke tunawa da ita, wajen watan Afrilu. Ya yi shiru, can ya ce: «To ka ci abincinsu?» Na ce na ci dabino da rumman da kan rago, giyar inabin da suke sa wa albarka ce ban taɓa ba. Ya ce aya ta 5 a Ma'ida ta riga ta ba ni amsa. A fadarmu ta shayi abin bai zo da sauƙi haka ba. Wani abokina ya ce yaya zan zauna da masu kashe Falasɗinawa. Abin da ake yi wa mutanen Gaza yana hana ni barci kamar yadda yake hana shi, amma ba zan ɗora shi a wuyan tsohon telan da bai taɓa barin Maroko ba. Alƙur'ani da kansa, a Ali Imrana aya ta 113, ya ce mutanen Littafi ba duka suka zama ɗaya ba.

Kwana biyar bayan azumin sai Idin Bukkoki. Nan aka zo fagena, don ba a koya wa ɗan Damagaram kafa rumfa. Muka hau saman bene da sanduna da ganyen dabino. Na ce a shimfiɗa leda saboda ruwan sama, ya ce sam, rufin sai da abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanke, inuwa ta fi rana yawa, kuma a bar ɗan sararin da za a hangi taurari. Kwana bakwai a ciki suke cin abinci, tunawa da shekara 40 da Bani Isra'ila suka yi a jeji. Kowace safiya ban da Asabar yakan riƙe tohon dabino da rassan wasu itatuwa biyu da wani babban lemo mai ƙamshi da suke kira etrog. Sai da ya sa tabarau ya juya lemon nan ta kowane gefe yana neman tabo kafin ya saya. Manoma Musulmi ne ke noma shi a duwatsun wajen Tarudant, a kudancin Maroko.

A rana ta tara, wadda ke rufe idodin, suka sauke karatun Attaura na shekara, nan take suka koma farko, tsofaffi suna zagaye da littattafan a kafaɗa suna rawa, mata suna watso alewa. Kashegari muka kwance bukkar. Baba ya sa na rubuta wa kowace sanda lamba da alli, domin wanda zai kafa masa baɗi ya gane jerinsu, tunda ni a watan Yuli zan dawo Zinder.