Wasiƙa daga Iqaluit: gida cike da jikoki, kaka tana jinya a Ottawa

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Ina muku fatan alheri, da fatan iyali kowa lafiya. Ina rubuto muku daga Iqaluit, hedikwatar yankin Nunavut a ƙuryar arewacin Kanada, ƙasar al'ummar Inuit waɗanda suka riga Turawa zama a nan da ɗaruruwan shekaru. An kafa yankin ranar 1 ga Afrilu 1999. Ƙidayar 2021 ta samu mutum kusan 37,000 a cikinsa, kimanin kashi 85 cikin ɗari Inuit ne, a warwatse cikin garuruwa 25 da babu titin mota tsakaninsu, sai jirgin sama. Abin da ya tsaya mini a rai da nake so in ba ku labarinsa shi ne zaman iyali a nan, wa ke kwana a gidan wa, tun daga samartaka har tsufa.

Mu fara da matasa. A kudancin Kanada yaro na kaiwa shekara 20 da 'yan kai ake sa ran ya kama ɗakinsa. A nan sai ka tarar da mai shekara 28 da matarsa da 'ya'ya biyu a ɗaki guda cikin gidan iyayensa, ƙanwarsa da jaririnta a ɗakin da ke gefe. Baƙo yakan ce ai al'ada ce, su mutane ne masu son zumunci. Gaskiya ne suna da zumunci, amma ka tambayi matashin, zai ce maka sunansa ya shekara da shekaru a jerin masu jiran gida. Akasarin jama'a a gidajen gwamnati suke, kuma idan ka bar Iqaluit da wuya ka samu gidan haya na 'yan kasuwa ko da kuɗinka a hannu. Gini kuwa ba ƙaramin aiki ba ne: kayan gini sai jirgin ruwa ya kawo su a ɗan gajeren lokacin da ƙanƙarar teku ta narke, sannan a kafa gidan bisa turakun ƙarfe domin ƙasar a daskare take. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da rabin Inuit da ke zaune a ƙasarsu ta gado a cunkushe suke.

Na shiga irin gidajen nan. Tun daga bakin ƙofa za ka gane, takalman sanyi jibge har ba wurin taka ƙafa. Katifu a jingine da bangon falo, sai dare ya yi a shimfiɗa. A unguwannin da babu famfo, tanka ce ke kawo ruwa ta zuba a tankin gida, tankin da aka auna don mutum biyar amma mutum 12 ke amfani da shi, kafin yamma ya ƙare. Akwai gidajen da ake barci bi da bi. Akwai kuma magidanta masu shekara 40 ko 50 da ba su da ɗakin kansu sam, yau a kujerar gidan yaya, gobe a ta kawu, domin a sanyin da ke kai digiri 30 ƙasa da sifili ba wanda zai bar ɗan uwansa a waje. Hukuma ba ta ganinsu a titi, don haka sukan ɓace a lissafin marasa muhalli.

Nauyin duka yakan faɗa kan dattawa, musamman mata. Sau da yawa gidan da sunan kaka yake, kuɗin fanshonta ke sayen abinci, ita ke riƙon jikoki. Riƙon nan tsohuwar al'ada ce da ta yi kama da tamu ta bai wa kaka ko gwaggo ɗa ta riƙa: yaron ya san uwar da ta haife shi, ba a ɓoye masa komai, dokar yankin kuma ta amince da shi ba sai an yi shari'a a kotu ba. Idan mafarauci ya dawo da nama ko kifi, a shimfiɗa kwali a tsakar falo, kowa ya zauna a ƙasa, dattijo ake fara miƙa wa. Wannan ɓangaren na zamansu, wallahi, abin sha'awa ne.

Cunkoson kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Har zuwa shekarun 1950 yawancin Inuit a ƙananan sansanonin dangi suke, suna bin farauta daga wuri zuwa wuri. Gwamnati ta tattaro su cikin garuruwa, ta ba su 'yan ƙananan gidaje, ta kwashe yara zuwa makarantun kwana, ta ɗebi masu tarin fuka a jirgin ruwa zuwa asibitocin kudu, inda da yawa suka rasu aka binne su danginsu ba su san kabarinsu ba. A watan Maris 2019 Firaministan Kanada na lokacin, Justin Trudeau, ya zo nan Iqaluit ya nemi afuwa kan batun tarin fukan. Cutar dai har gobe tana nan, kuma ɗaki mai mutum shida ai gidanta ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarshen tafiyar. Tsohuwar da ta riƙe 'ya'ya da jikoki, ranar da jiki ya ƙi, ko ruɗewar tsufa ta kama ta, sai a rasa gadon jinya a yankin, a sa ta a jirgi zuwa Ottawa, babban birnin Kanada da ke kudu, tazarar sama da kilomita 2,000. Wata ba ta jin kowane harshe sai Inuktitut, harshen Inuit. Abincin da ta saba ci tun ƙuruciya ba kullum yake isa gare ta ba, kuɗin jirgi kuma ya fi ƙarfin iyali su riƙa kai ziyara yadda suke so. Ga dattawan da suka ga yadda aka tafi da iyayensu kudu ba su dawo ba, wannan tafiya tsohon miki take famawa. Iyalai sun daɗe suna kokawa a dawo musu da tsofaffinsu gida, kuma ni ina ganin haƙƙinsu suke nema.

A 2022 gwamnatin yankin ta yi alkawarin gina gidaje 3,000 kafin 2030. Jama'a na ƙirga waɗanda aka kammala, matasa na ci gaba da aure da haihuwa, jerin masu jira kuma bai daina tsawo ba.

Ku gaida mini mutanen gida, manya da yara.

Ɗan uwanku a Iqaluit