Godiya bayan kare kundina

Alhamdu lillahi, jiya Laraba na kare kundin mastana a gaban alƙalai a nan Maraɗi, kuma sai yau na samu barci har hantsi. Waɗanda suka bi labarin tun daren da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone mini kwamfuta, ana saura mako uku, sun san bayanan aikina sun salwanta a cikinta, don haka ba zan maimaita ba.

Malam ya hana ni ambatonsa, amma yau kam zan saɓa masa, domin kowa a sashenmu ya san wanda ya duba aikin nan. Washegarin ƙonewar kwamfutar bai yi mini faɗa kan rashin ajiye kwafi ba, ko da yake na cancanci faɗan. Ya miƙo mini kwamfutarsa, sannan ya goya ni a babur zuwa Babbar Kasuwa domin mu sake gwada manhajar lissafin bashi, wadda na tsara domin kundin, da mata masu man gujiya da ƙuli-ƙuli, yana tuna mini binciken Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan kurakuran tsari.

Abin da ya faru da ta huɗu a cikin matan ne ya tsaya mini a rai. Dattijuwa ce wadda ba ta yi boko ba, ta daɗe tana neman inda za ta taɓa ta adana lissafinta, ni kuwa gumi yana karyo mini, har na kai hannu zan nuna mata, sai Malam ya riƙe mini hannu bai ce uffan ba. Can ta ɗago ta ce, "Ɗana, wannan ɗan akwatin na mene ne?" Hoton tsohon faifan kwamfuta ne, alamar adanawa, da na kwaikwayo daga manhajojin Turawa, abin da ni kaina ban taɓa riƙewa ba. A hanyar komawa Malam ya ce in mai amfani ya ɓata, wanda ya zana hanyar za a tuhuma. Na sa hoton asusu da murya mai magana da Hausa, kuma babin nan ne alƙalai suka fi yabawa.

Allah Ya saka wa Malam da Aljannar Firdausi, Ya jiƙan mahaifansa, Ya raya masa zuriya, Ya ba shi ɗaliban da za su yi masa abin da ya yi mana. Inna, wadda ta sayar da tunkiyarta aka buga kundin, Allah Ya ba ni ikon share miki hawaye. Mai gyaran da ya kwana yana ƙoƙarin ceto bayanaina ya ƙi karɓar ko dala, Allah Ya buɗa masa.

Dangin da suka yi alkawarin zuwa daga Tibiri, mun ajiye muku kujeru har aka tashi, wataƙila hanyar ce ta yi nisa.